Shin Ko Kun San? Ruwan Tuffa Ba Ya Zama Wuri Ɗaya

Shin ko kun san cewa idan aka matse tuffa aka ajiye ruwanta ba a firij ba, cikin 'yan kwanaki zai fara kumfa ba tare da kowa ya zuba masa komai ba? Yis ɗin da ke bawon tuffar da jikin kayan matsa shi ke cinye sukarin, ya mayar da shi barasa da iskar gas. Wannan ita ce giyar tuffa, wadda Turawan Ingila da Faransa da Sifen suka daɗe suna yi a gidajen gona. Idan kuma aka bar iska ta shiga, wasu ƙwayoyin bakteriya su karɓi aikin, su mayar da barasar khal. Ruwa ɗaya ne, mataki uku. Na farko da na ƙarshe su suka shafe mu; na tsakiya kuwa ko ba ka so sai an bi ta kansa kafin a kai ga khal ɗin da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci.

Shin ko kun san cewa a Amurka, idan aka ce "saida" (cider) kawai, ruwan tuffa ake nufi, mai duhu-duhu, wanda ba a tace sosai ba, kuma babu barasa a cikinsa? A Ingila kuwa giya ce. Matafiyi ya karanta jikin kwalba tukuna.

Sabon shiga a matsar tuffa ba ya bukatar inji. A wanke tuffa, a yanka, a daka a turmi ko a markaɗa, a zuba a tsaftataccen ƙyalle a murɗe. Kusan kilo 2 ke ba da lita 1, shi ya sa da tsadar tuffa a kasuwanninmu, inda da yawanta daga Afirka ta Kudu take zuwa, abin ya fi kama da sha'awa fiye da sana'a. Ruwan zai yi ja-ja nan take. Ba lalacewa ya yi ba, iska ce ta taɓa shi.

Shin ko kun san cewa tuffar da ta fi daɗin ci ba ita masana suka fi so a matse ba? Cibiyar bincike ta Long Ashton, wadda aka kafa kusa da Bristol a 1903, ta kasa tuffar matsa gida huɗu: mai zaƙi, mai tsami, mai zaƙi da bauri, da mai tsami da bauri. Irin su Dabinett da Kingston Black, in ka gatsa sai bakinka ya ɗaure kamar ka ci ɗanyar kanya. Amma wannan baurin shi ke ba ruwan kauri a baki. Wanda bai da su sai ya gauraya ja da koriya.

Kuma in ka shuka ƙwallon tuffa, ba za ta haifi irin uwarta ba. Sai an yi mata aure. John Chapman, wanda Amurkawa ke kira Johnny Appleseed, ya rasu a 1845 bayan ya cika Ohayo da Indiyana da bishiyoyin da ya tsirar daga ƙwallo, kuma yawancin 'ya'yansu ba su ciwuwa, sai dai matsa.

Shin ko kun san cewa a yammacin Ingila har da giyar tuffa ake biyan 'yan ƙodago wani ɓangare na ladansu, sai da doka ta hana a 1887? Kafin nan, a 1763, gwamnati ta ɗora mata haraji, yankin ya yamutse, dole aka soke shi a 1766.

Ga inda ya kamata mai koyo ya buɗe kunne. A yankin Devon an daɗe ana fama da wani ciwon ciki mai tsanani, ana ɗora laifin a kan tsamin tuffa, sai a 1767 likita George Baker ya nuna cewa dalmar da ake liƙe kayan matsa da ita ce ke narkewa a cikin ruwan. Har gobe ƙa'idar tana nan: gilashi, ko ƙarfen da ba ya tsatsa, ko robar da aka yi don abinci. Ban da tagulla, ban da baƙin ƙarfe, ban da tukunyar alminiyon.

Tuffar da ta faɗi ƙasa ko ta fara ruɓewa ma a bar ta. Funfuna na barin guba da tafasa ba ta kashewa. A 1996 ruwan tuffa da ba a dafa ba ya kwantar da mutane fiye da 60 a Amurka da Kanada, yarinya ɗaya ta rasu, saboda ƙwayar E. coli. Mai son shan sabon ruwa ya ɗumama shi ya kai digiri 71, ya huce, ya shiga firij. Zafin yana kashe yis ɗin ma, ka ga an tsayar da shi a matakin farko ke nan.

Shin ko kun san cewa kwalba na iya fashewa da kanta? In aka toshe ruwan da bai gama aiki ba, gas ya rasa mafita, gilashi ne zai ba da hanya.

Mai neman khal kuwa iska yake so. Ya rufe bakin kwalba da ƙyalle, ya ɗaure, don kada ƙananan ƙudajen nan su faɗa, ya ajiye a inuwa makonni. Wani abu mai yauƙi zai kwanta a sama. Kada a zubar, ita ce uwar khal, da ita ake tayar da na gaba. Luwi Pasta na Faransa ne ya tabbatar a shekarun 1860 cewa halittu masu rai ke wannan aiki. Ruwan kwali mai sinadarin hana lalacewa, irin su sobet da benzowet, da ƙyar yake motsawa, kada a ɓata kuɗi.

Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye ta zama khal da kanta ta halatta, sun saɓa a kan wadda aka juya da gangan, don haka mai shirin yi a gida ya fara da tambayar malaminsa. Khal ɗin kanti yawanci tsaminsa kashi 5 cikin 100 ne, ya isa ya ci haƙori, sai an sirka da ruwa.