Su Wa Ke Binciken Sanƙarau?

'Yan'uwa, kun tuna yadda sanƙarau ke kwashe yara a lokacin zafi. A 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Nijar, Mali da Burkina Faso, sai irin da ya fi jawo annoba ya ragu ƙwarai. Masu bincike ne suka kawo wannan sauƙi. A cibiyar CERMES ta Yamai, suna duba ruwan ƙashin baya da asibitoci ke aikawa, su gano ƙwayar cutar da ke yawo. Aikin yana son dogon karatu: jami'a, digirin dakta, sa'an nan 'yan shekaru a hannun gwanaye. Kada ku cire ɗa ko ɗiya daga makaranta. Wataƙila ta hannunsu Allah zai warkar da mutane da yawa.