Yadda Narkewa Ke Tona Asirin Farin Gari

'Yan'uwana ɗalibai, kowa ya san in an ajiye man shanu a rana ba ya narkewa farat ɗaya. Sai ya yi laushi, sa'an nan ya yi ruwa a hankali. Amma ƙanƙarar ruwa mai tsabta ba ta narkewa sai a digiri 0. Dalili kuwa, man shanu gamin gambiza ne na kitse iri iri, ƙanƙara kuwa abu guda ce. Wannan bambanci shi ne masana sinadarai ke aiki da shi su gane sinadaran da ke ɗauke da kabon, gama yawancinsu farin gari ne, ido ba ya rarrabe su.

Ga yadda mu ke yi a ɗakin gwaji. A niƙa ƙwayoyin su yi laushi, a ɗura kaɗan cikin wani siririn bututun gilashi mai toshe a gindi, tsawon garin kada ya wuce milimita 3. A ɗaura bututun jikin ma'aunin zafi, a tsoma su cikin mai, a riƙa ɗumama man. Yanzu akwai na'urar lantarki mai yin wannan aiki, amma idon mutum dai shi ne alƙali. Za a rubuta lamba biyu: sa'ad da ɗigo na fari ya bayyana, da sa'ad da ƙwaya ta ƙarshe ta ɓace. Abu mai tsabta tazararsa ba ta wuce digiri 1 ko 2. In da gami, sai ya soma narkewa da wuri, tazarar kuma ta yi faɗi, domin baƙon ya hana ƙwayoyin jeruwa daidai, zafi kaɗan ya isa ya rushe su.

Ni kaina na sha kunya a nan. Malaminmu ya ba ni asid benzoyik in tsabtace. Na narkar da shi a ruwan zafi, na tace, ya huce ya fito kamar allurai. Ɗoki ya hana ni jira ya bushe. Littafi ya ce 122, nawa kuwa ya soma jiƙewa tun wajen 115. Na tafi na ce, "Malam, ma'aunin nan ya lalace." Ya murza garin da yatsa, ya ce, "Ruwa ma gami ne." Washegari da ya bushe na sake, ina ƙara zafi digiri 1 ko 2 a minti, sai ga 121 zuwa 122.

To, amma lamba kaɗai ba ta isa shaida ba. Yuriya, watau wadda manoma ke sa wa masara, wadda Friedrich Wöhler ya haɗa a Jamus a 1828, tana narkewa wajen 133. Asid sinamik ma wajen 133. In an ba ka gari ya narke a nan, wanne ne? Sai ka gauraya shi da yuriyar da ka tabbata da ita. In su ɗaya ne, lambar ba za ta motsa ba. In dabam su ke, kowanne ya zama gami ga ɗan'uwansa, garin ya narke ƙasa ƙwarai. A ganina babu dabara mai arha da ta fi wannan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kafur ɗin da iyayenmu mata ke sa wa cikin akwatin tufafi. Kafur na ainihi yana narkewa sama da 170. Amma fararen ƙwallayen nan da a ke kira kafur a kasuwa sau da yawa naftalin ne, mai narkewa a 80, kuma yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin waɗansu jarirai, har idonsu ya yi rawaya. Na gwada ƙwallo ɗaya daga akwatin yayata, ya narke tsakanin 79 da 80. Ran Asabar na tafi na roƙe ta ta raba su da kayan jaririnta.