Shekarar da aka yi rabo biyu a Paris: Kyuba da Sakkwato a 1898

Duk mai gwangwanin kayan lissafi a jakarsa ya san kamfas, ɗan ƙarfen nan mai ƙafa biyu da muke zana da'ira da shi, muke kuma tsokanar na gabanmu da tsininsa idan malami ya juya baya. To ku ɗauko taswira, ku kafa tsinin a kan birnin Sakkwato, ku buɗe ɗaya ƙafar gwargwadon mil 100, wato kilomita 160 da 'yan kai, sannan ku zaga da ita ta arewa. Wurno za ta faɗo ciki, haka Rabah da Goronyo da garinmu Dinawa. Abin da kuka zana shi ne abin da wakilan Ingila da Faransa suka sa wa hannu a birnin Paris ranar 14 ga Yunin 1898: abin da ke cikin da'irar na Ingila, na bayanta ta arewa na Faransa. Sarkin Musulmi Abdurrahman na kan gadonsa a lokacin, kuma babu wakilinsa a ɗakin.

Wata shida bayan haka, ranar 10 ga Disamba, aka sake zama a wannan birnin. Wannan karon Amurka ce da Sifaniya, a kan tsibirin Kyuba, kuma ba a ajiye wa ɗan Kyuba ko ɗaya kujera ba. Sai da muka shiga jami'a muka lura cewa takardun nan biyu 'yan shekara ɗaya ne, 'yan gari ɗaya, kuma tun daga nan yaƙin da littattafai ke kira na Amurka da Sifaniya ya daina yi mana kama da labarin nesa.

Kyuba dogon tsibiri ne a kudu da Amurka. Tsakanin gaɓarsa da tsibiran jihar Florida bai wuce kilomita 150 ba, kusan tafiyar Sakkwato zuwa Birnin Kebbi. Sifaniya ta riƙe shi shekara kusan 400, arzikinsa kuwa rake ne da taba, waɗanda bayin da aka kwaso daga Afirka suka noma. Ba a soke bauta a can ba sai 1886. Mutanen tsibirin sun fara ɗaukar makami a 1868, lokacin da wani mai gonar rake, Carlos Manuel de Céspedes, ya 'yanta bayinsa ya kira su yaƙi. Shekara goma aka yi ba a ci nasara ba. A watan Fabrairun 1895 suka sake tashi a ƙarƙashin marubuci José Martí da janar biyu, Máximo Gómez da Antonio Maceo. An kashe Martí a watan Mayun shekarar, aka kashe Maceo a ƙarshen 1896, amma yaƙin bai mutu ba. Da yawa daga cikin mayaƙan baƙaƙen fata ne, tsofaffin bayi da 'ya'yansu, kuma sau da yawa makaminsu addar saran rake ce. Yaƙin sunƙuru suka yi: su ƙona gonakin rake, su yanke layin dogo, su ɓace cikin daji.

Sifaniya ta tura sojoji wajen 200,000, ta kuma tura Janar Valeriano Weyler. Dabararsa ita ce ya raba mayaƙan da masu ba su abinci, don haka ya kwashe mutanen ƙauyuka ya cusa su a garuruwan da soja ke gadi. Ku ƙaddara a ce a tsakiyar damina an tattaro mutanen ƙauyukan fadamar Rima gaba ɗaya an zuba su cikin Wurno, ba gona, ba rumbu, ba isasshen ruwan sha. Yunwa da cuta sun kashe fiye da mutum 100,000. Duk da haka, zuwa farkon 1898 Sifaniya ta gaji, baitulmalinta ya ƙone, sojojinta na mutuwa da zazzaɓi, ƙauyuka kuma na hannun 'yan tawaye. Wannan gaɓar ce muke so ku riƙe, domin littattafai da yawa suna tsallake ta.

A Amurka akwai masu tausayin Kyuba da gaske. Akwai kuma attajiran da suka zuba kuɗi a gonakin rake, da 'yan siyasar da ke ganin lokaci ya yi da ƙasarsu za ta mallaki tashoshin jiragen ruwa a ƙetare. Sai kuma jaridu. Jaridu biyu na birnin New York, ɗaya ta William Randolph Hearst, ɗaya ta Joseph Pulitzer, suna gasar wanda zai fi sayarwa, kuma sun gano cewa labarin Kyuba na ciniki, musamman idan an ƙara masa gishiri.

Daren 15 ga Fabrairun 1898, jirgin yaƙin Amurka mai suna Maine, wanda aka tura tashar Havana da sunan kare Amurkawa mazauna can, ya fashe ya nutse. Fiye da mutum 260 suka mutu. Kafin mai bincike ko ɗaya ya nutsa ya duba gangar jirgin, jaridar Hearst ta riga ta buga cewa aikin abokan gaba ne, har ta sa ladan dala 50,000 ga wanda ya tona masu laifi. Kwamitin sojojin ruwan Amurka ya ce nakiya ce daga waje, na Sifaniya ya ce daga ciki wutar ta tashi. Sai a 1976 wani babban hafsan ruwan Amurka, Hyman Rickover, ya sa aka sake bin takardun, binciken ya karkata ga cewa kwal ɗin jirgin ne ya kama wuta kusa da ɗakin albarushi. Shekara 78 ke nan. Mu da ke karɓar saƙon "a tura wa kowa" a WhatsApp kullum, mun san irin wannan saurin, sai dai namu bai taɓa tayar da jiragen yaƙi ba.

A watan Afrilu Shugaba William McKinley ya kai maganar majalisa, aka shelanta yaƙi. Majalisar ta haɗa da alkawari a rubuce, wanda Sanata Henry Teller ya gabatar, cewa Amurka ba ta da niyyar mallakar Kyuba, da zarar an samu zaman lafiya za ta bar wa mutanen tsibirin mulkinsu.

Abin mamaki, harbin farko mai muhimmanci ba a Kyuba aka yi shi ba. Can a nahiyar Asiya aka yi, a tsibiran Filifin da su ma ke hannun Sifaniya. Ranar 1 ga Mayu, George Dewey ya shiga mashigin ruwan Manila da jiragensa na ƙarfe, ya tarar da tsofaffin jiragen Sifaniya, ɗaya ma na katako ne, ya gama da su a rana ɗaya ba tare da an kashe masa mutum a fagen fama ba.

A Kyuba kuwa, Sifaniya ta aiko da jirage shida a ƙarƙashin Pascual Cervera. Tun kafin ya taso ya gargaɗi gwamnatinsa cewa jiragen ba su shirya ba, ɗaya daga cikin mafi kyawunsu ko manyan bindigoginsa ba a ɗora masa ba. Aka ce ya tafi. Ya shige tashar Santiago, wadda bakinta ƙunci ne kamar wuyan tulu, jiragen Amurka suka zo suka tsare ƙofar. Don a fito da shi ne aka sauke sojojin ƙasa wajen 16,000 a watan Yuni. Saukar tasu ba abin alfahari ba ce. Da yawansu sun zo da kakin ulu a cikin zafi irin na bazararmu, naman gwangwanin da aka ba su ya sa su ciwo, dawaki kuma tura su aka yi cikin teku su yi iyo zuwa gaɓa. Abin da ya sa suka sauka lafiya shi ne mayaƙan Janar Calixto García na Kyuba, waɗanda suka san kowane lungu, suka share musu gaɓar suka nuna musu hanya.

Ranar 1 ga Yuli aka yi babban gumurzun ƙasa. A ƙauyen El Caney, sojojin Sifaniya kimanin 500 sun tsayar da Amurkawa dubbai kusan wuni guda. A tuddan San Juan aka hau da ƙyar, cikin ruwan harsashi. Sunan da ya fito daga wannan rana shi ne na Theodore Roosevelt, wanda ya jagoranci rundunar 'yan sa-kai, ya iya hulɗa da 'yan jarida, ya kuma zama shugaban Amurka a 1901. Rundunonin baƙaƙen fata na Amurka sun hau tuddan nan kafaɗa da kafaɗa da mutanensa, amma ba a cika ganinsu a zanen da aka yi ta bugawa ba. Kwana biyu bayan haka, da umarni daga sama, Cervera ya fito da jiragensa da safe, ɗaya bayan ɗaya ta wannan ƙuntataccen baki. Kafin la'asar duk shidan sun nutse ko sun kife a gaɓa suna ci da wuta. Sifaniya ta rasa fiye da mutum 300, Amurka ta rasa ɗaya.

Santiago ta miƙa wuya ranar 17 ga Yuli, kuma a nan ne abin da ya fi tsaya mana a rai ya faru. Janar William Shafter na Amurka ya hana mayaƙan Kyuba shiga garin, wai don gudun kada su yi ramuwar gayya. Tutar Sifaniya ta sauka, ta Amurka ta hau, mutanen da suka shekara uku a daji, wasunsu talatin idan aka haɗa da yaƙin farko, suna tsaye a bayan gari. García ya rubuta wa Shafter takarda mai zafi, yana cewa rundunarsa ta talakawa ce masu tsumma amma ba ta dabbobi ba, sannan ya janye da mutanensa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. García ya rasu a birnin Washington ranar 11 ga Disamba, washegarin sa hannun Paris.

An tsagaita wuta ranar 12 ga Agusta, wato yaƙin bai cika wata huɗu ba. Amurkawan da harsashi ya kashe ba su kai 400 ba, waɗanda cuta ta kashe, musamman taifot da shawara, sun haura 2,000. A Paris, Sifaniya ta saki Kyuba, ta miƙa Puerto Rico da Guam, ta kuma ba da Filifin a kan dala miliyan 20. 'Yan Filifin da suka zaci an zo taya su ne, a watan Fabrairun 1899 suka tsinci kansu suna yaƙi da Amurka.

Ba za mu ce zaman Amurka a Kyuba bai haifar da komai na alheri ba. A lokacin ne likitocin soja, ƙarƙashin Walter Reed, suka tabbatar a 1900 cewa sauro ke yaɗa cutar shawara, aka shiga yaƙi da kwatami da ruwan da ke kwance har cutar ta kusa ɓacewa daga Havana. Amma ko a nan, wani likita ɗan Kyuba, Carlos Finlay, ya faɗi haka tun 1881, aka yi ta yi masa dariya.

Alkawarin Teller fa? An cika shi, da sharaɗi. Kafin sojojin su fita sai da aka tilasta wa Kyuba ta sa wasu ƙa'idoji cikin tsarin mulkinta, waɗanda ake kira da sunan Sanata Orville Platt: Amurka na da ikon shigowa da soja idan ta ga dalili, kuma za a ba ta wurin ajiye jiragen yaƙi. Ranar 20 ga Mayun 1902 aka ɗaga tutar Kyuba. A watan Fabrairun 1903 aka sa hannu a kan hayar mashigin Guantanamo, sunan da kuka sha ji a rediyo saboda kurkukun da ke can. An soke ƙa'idojin Platt a 1934, amma Guantanamo na hannun Amurka har yau. Tana aika takardar kuɗin haya ta dala 4,085 duk shekara, gwamnatin Kyuba kuma ta daɗe da daina karɓa. A makarantun Kyuba ba sa kiran yaƙin da sunan ƙasashe biyu kamar yadda muke yi, suna sa sunan ƙasarsu a tsakiya.

Labarinmu da nasu ba ɗaya ba ne, kada wani ya rubuta haka a jarrabawa. Su suna ƙoƙarin fita daga mulkin mallaka ne, mu kuwa a lokacin ba a shigo mana ba tukuna. Abin da ya haɗa mu shi ne teburin. A wannan watan na Fabrairun 1903 da aka ba da Guantanamo ne Kano ta faɗi a hannun sojojin Lugard. Ranar 15 ga Maris aka yi karon Giginya a bakin Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi gabas da jama'arsa, aka cim masa a Burmi a watan Yuli. Takardar 1898 ta riga ta gaya wa Faransa cewa wannan ba gonarta ba ce, don haka babu wanda ya tare wa Ingila hanya.

Da'irar kamfas ɗin ma ba ta daɗe ba. Faransawa sun yi ƙorafin cewa ta tura hanyarsu ta zuwa Damagaram cikin hamada inda babu rijiyoyi, sai a 1904 aka sake zama, aka matso da layin kudu. Da haka Birnin Ƙonni ta koma ɓangaren Faransa, Gobirawan Sabon Birni suka kwana a wata ƙasa, na Tsibiri a wata. Ɗan ajinku da ke zuwa Ƙonni gaida gwaggonsa da hutu, a shingen Illela yake tsayawa a duba shi kafin ya wuce.