Kufan Mutanen Maya: Abin da Matafiyi Zai Gani

Duk shekara, in muka zo darasin tsofaffin al'ummai na ambaci Maya, sai 'yan aji su fashe da dariya. To, ba mayu ake nufi ba. Maya sunan wata al'umma ce da ke zaune a kudancin ƙasar Meziko da Gwatamala da Beliz, da wani yanki na Honduras da Salbado. Sun gina manyan birane na dutse ba tare da kayan aikin ƙarfe ba, ba kuwa jaki ko sa da zai ɗaukar musu kaya. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, don haka bari mu bi sawun matafiyi mu ga abin da zai tarar.

Yawancin baƙi sukan fara da Cicen Itza, a jihar Yukatan ta Meziko, wajen kilomita 120 gabas da birnin Merida. Ƙasar wurin farar ƙasa ce mai shanye ruwa, ba a ganin kogi a samanta. Ruwan yana ƙarƙashi, sai inda ƙasa ta rufta aka sami rijiya wadda ba mutum ya haƙa ba. Ma'anar sunan garin ma ita ce bakin rijiyar mutanen Itza. A babbar rijiyar nan, mai faɗin kusan mita 60, an fara yasa a 1904, aka tsamo zinariya da duwatsu masu daraja da ƙasusuwan mutanen da aka miƙa hadaya ga allahn ruwan sama.

Abin da ido zai fara faɗawa a kai shi ne dalar Kukulkan, mai tsayin mita 30 in an haɗa da ɗakin da ke bisanta. Tana da matakala a fuskoki huɗu, kowace da taki 91. Ku yi lissafin: 91 sau 4 ya ba da 364, a ƙara dandamalin sama, ya zama 365, wato kwanakin shekara. Wajen 21 ga Maris da 22 ga Satumba, lokacin da dare da rana suke daidai, inuwar yamma takan sauko ta gefen matakalar arewa kamar maciji yana rarrafe. In ka tafa hannu a gindinta, amsar da za ta dawo kamar kukan tsuntsu take. Amma an hana hawan dalar, domin a kiyaye ta da kuma rayukan mutane. Kusa da ita akwai filin ƙwallo mai tsawon mita 168, inda 'yan wasa ke bugun ƙwallon roba da ƙugu.

Wanda yake da sauran guzuri sai ya ƙetara zuwa Tikal, a arewacin Gwatamala. Nan cikin kurmi ake tafiya, birai na ihu bisa itatuwa. Haikali mafi tsayi ya kusa mita 70, daga samansa kana hango kan sauran gine-gine sun ɓullo ta cikin ganye. A 2018 aka ba da sanarwar cewa wata na'ura mai haske da aka ɗora a jirgin sama ta gano gine-gine fiye da 60,000 ɓoye cikin dajin yankin. Matafiyi ya yi sammako kafin rana ta yi zafi, ya riƙe ruwan sha da malfa da maganin sauro, ya kuma ɗauki ɗan jagora na wurin.

Ilminsu ya fi gine-ginensu ban mamaki. Ƙidayarsu ashirin-ashirin take tafiya: ɗigo shi ne ɗaya, sanda biyar, hoton ƙwanso kuma sifiri. Shekararsu wata 18 ce, kowane kwana 20, da ragowar kwana 5. Suna da rubutu da littattafai na ɓawon itace. A nan akwai abin baƙin ciki da ya kamata mu 'yan ikkilisiya mu sani. A 1562, a garin Mani, wani limamin kirista ɗan Sifen mai suna Diyego de Landa ya sa aka ƙone littattafansu, yana ganin na tsafi ne. Huɗu kaɗai aka sani sun rage a duniya. Sai a 1952 wani masani ɗan Rasha, Yuri Kunorozob, ya nuna cewa wasu daga cikin alamomin sautin gaɓoɓin kalma ne, daga nan hanyar karanta su ta buɗe. Himma in ba sani, ɓarna take jawowa.

To, me ya mai da biranen kufai? Tsakanin shekara ta 800 da 900 bayan haihuwar Almasihu, mutane suka watse daga Tikal da maƙwabtanta. Masana sun ce abubuwa ne suka haɗu: fari mai tsawo, yaƙe-yaƙe tsakanin sarakuna, yawan jama'a, da sare daji don noma da ƙona farar ƙasa ta shafe gini. Da abinci ya ƙare, sarauta ba ta iya riƙe kowa ba.

Amma mutanen ba su ƙare ba. Miliyoyin jikokinsu suna nan, suna magana da harsuna wajen 30, su ne ma ke sayar wa baƙi saƙa da sassaƙa a bakin kufan. Masarar da muke gasawa da damina kuwa daga kudancin Meziko asalinta yake, ita ce kuma babban abincin Maya tun fil azal. Ɗalibai, in kun riƙe gasasshiyar masara bana, ku tuna da manoman can, ku kuma tuna abin da ya sami garin da ya cinye dajinsa. Itatuwan da muka dasa a harabar makaranta suna jiran ruwa daga hannunku.