Abin da ya sa saniya ke rage ci da nono a bazara

A watan Afrilu da Mayu, in zafi ya haura digiri 40 a Filinge da ƙauyukan Kurfai, makiyaya sukan zo mana da kuka guda: saniya ta rage ci, nono ya ja baya, a yi mata allura. Sau da yawa lafiyarta lau. Jikinta ne ya rage wuta da kansa.

Tumbin saniya kamar murhu yake. Ciyawar da ta ci tana narkewa a ciki tana ba da zafi, yin nono ma haka. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ke auna zafin jini dare da rana, yana neman tsayar da shi tsakanin digiri 38 da 39. In zafi ya yi yawa, sai ya sa ta yi gumi da haki. In kwanaki suka ja, sai ya aika saƙo ta jini. Waɗannan 'yan aiken su ake kira homon.

Wanda ya fi taɓa aljihun makiyayi yana fitowa daga wata 'yar tsoka a wuya, gefen maƙogwaro, wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Homon ɗinta ne ke tsara saurin da jiki ke ƙone abinci. A bazara jiki yakan rage shi, sai ci ya ragu, nono ya bi baya. Wani homon kuma yana sa ƙoda ta riƙe ruwa, fitsari ya ragu ya yi kauri. Shanun Azawak irin na tashar Tukunus sun fi shanun Turai jure wannan, amma su ma suna ji.

To yaya za ka gane zazzaɓi? Ka auna ta dubura da asuba, kafin rana ta taɓa ta. Awon tsakar rana yakan ruɗi mutum, ni ma ya taɓa ruɗa ni. In da asuba ta wuce 39.5, ko ta daina tuƙa, kira ma'aikacin dabbobi. In ba ta kai ba, bar kuɗin allurar ka sayi dusa. Ka kai ta kiwo da sassafe da yamma lis, ta wuni a inuwar gawo, kuma ta sha ruwa sau biyu in rijiya na kusa.