Mai Ƙirga Jarka a Ƙofar Gida

A unguwar da famfo ya daɗe da ƙafewa, ɗan ga-ruwa ne ke riƙe da gida. Da safe ya turo kura, ya juye jarka huɗu ko biyar a randa. Kafin la'asar an yi girki, an yi wanki, an wanke yara, ruwa ya bi kwata ya fice. Gobe ma haka. To a ce wani ya kafa benci a ƙofar gidan, aikinsa ƙirga jarkar da ta shiga, shekara guda cur. Ranar da ya haɗa lissafi, sai ya rantse tafki ake ɓoyewa a tsakar gidan nan. Ƙirgarsa daidai take. Kwata ce ke bayan gida, shi kuwa ƙofa yake tsaro.

Yawancin rigimar hukumar haraji da ƙananan 'yan kasuwa kan tsabar kuɗin da aka zuba a banki daga wannan benci take tasowa, kuma Indiya ta sha ta sosai.

Daren 8 ga Nuwamba 2016 Firaminista Narendra Modi ya fito a talabijin ya ce daga sha biyun dare takardun rupi 500 da 1,000 sun daina aiki. Su biyun kuwa su ne kusan kashi 86 cikin 100 na darajar kuɗin da ke yawo a ƙasar. Aka ba jama'a zuwa 30 ga Disamba su kai banki. Mai kanti, mai yadi, dillalin shinkafa, matar da ta yi shekaru tana ɓoye 'yan canjin cefane, kowa ya shiga layi. An yi tsammanin masu kuɗin ɓoye za su ji tsoro su bar nasu ya mutu a hannunsu. Daga baya Babban Bankin ƙasar ya ce kashi 99.3 ya dawo. Tun kafin a gama ƙirga, ranar 31 ga Janairu 2017, hukumar haraji ta fara aika saƙo ga mutum wajen miliyan 1.8: abin da kuka zuba ya fi ƙarfin abin da muka san ku da shi, ku yi bayani. Wanda bai haura rupi 250,000 ba aka ɗaga masa ƙafa.

Dokar haraji ta 1961, wadda ake aiki da ita a lokacin, ta ɗora nauyin bayani a wuyan mai kuɗi. Sashe na 68 da na 69A sun ce in jami'i bai gamsu da asalin kuɗi ba, yana iya ɗaukarsu dungurungum a matsayin abin da mutum ya samu. A Disambar 2016 majalisa ta ninka harajin irin wannan kuɗi daga kashi 30 zuwa 60, da aka ɗora ƙare-ƙare ya kai 77.25. Ba a cire kuɗin sari, ba a cire hayar shago, ba a cire ladan yaron shago. Jarka ta shiga, an rubuta.

Kada dai a yi wa mai benci rashin adalci. Gidan da aka san shi da randa ɗaya, in aka ga tanka ta tsaya a ƙofarsa tsakar dare, dole maƙwabta su tambaya. A makonnin nan an yi abubuwa. Wasu sun raba kuɗinsu a asusun direbobi da masu aikin gida, wasu sun buga rasit da kwanan watan baya, wasu shagunan zinare sun nuna cinikin sa'o'i kaɗan da ya fi na watanni. Jami'in da ya ga haka ya yi shiru ya ci amanar aikinsa. Tambayar halal ce. Inda nake ganin an kauce shi ne wajen lissafi, da kuma ɗaukar rashin takarda a matsayin shaidar laifi.

Ɗan kasuwa kuɗi ɗaya yake juyawa. Ya sayar, ya zuba a banki, ya cire ya saro kaya, ya sake sayarwa, ya sake zubawa. Jarin da bai taka kara ya karya ba, in ya zaga sau ashirin a shekara, sai takardar banki ta nuna shi kamar attajiri. Kotunan haraji na Indiya sun daɗe da gane haka, shi ya sa a shari'u da dama suke cewa a duba mafi yawan abin da ya taɓa taruwa a asusun lokaci guda, a daina tara kowace zubawa. Wato a leƙa randar a ga cikinta. A dokar ta 1961 akwai kuma sashe na 44AD, wanda ya yarje wa ƙaramin ɗan kasuwa ya ɗauki kashi 8 na cinikinsa a matsayin riba, ba tare da ya ajiye littattafan lissafi ba. A 2010 Babbar Kotun Punjab da Haryana ta yanke cewa wanda ya bi wannan hanya ba sai ya yi bayanin kowace zubawa ɗaya bayan ɗaya ba, muddin tana da nasaba da cinikinsa. Hankali ma ya ɗauka: ka ce wa mutum ba sai ya rubuta ba, sannan ka dawo ka kama shi da rashin rubutu?

Rigimar ma ta girmi Modi. A Janairun 1946 Turawan mulki sun soke manyan takardun kuɗi, wani gidan 'yan kasuwar hatsi a Bihar ya kai takardun rupi 1,000 guda 291. Kotun haraji ta yarda da 150,000, ta ce sauran 141,000 ribar ɓoye ce. Sai 1959 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin, ta ce ba a ɗora haraji a kan zato da shaci-faɗi. Shekara 13 ke nan ana jan magana ɗaya.

Su ma 'yan kasuwar da nasu. Matar gida mai biyan ɗan ga-ruwa duk Juma'a takan ja layi da gawayi a bango, jarka ɗaya layi ɗaya, ranar biya ba gardama. Waɗanda suka yi nasara a kotu galibi masu irin wannan layi ne: rasit ɗin sari, kayan da suka ragu a sito daidai da abin da aka ce an sayar, cinikin bara da ya yi kama da na bana. Wanda ya sha wuya shi ne wanda asusunsa ɗaya ya zama na shago, na ajiyar ƙani, na gudummawar biki, na bashin da aboki ya dawo da shi hannu da hannu. Gaskiya yake faɗa, amma bayan shekara uku wa zai tuna wace jarka ce ta maƙwabta?

Mu ma a Najeriya mun ɗanɗana layin banki lokacin sauya fasalin Naira a ƙarshen 2022 da farkon 2023, ga kuma sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025. Mai POS da miliyoyi ke ratsa asusunsa alhali ladansa Naira ɗari ko ɗari biyu ne a kan kowane mai cira, da uwar adashi da ake tura wa zubi ta waya, ya kamata su bi labarin Indiya da kunnen basira.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsadar wanke kai. Ɗauki mai kanti a Indiya da ya zuba rupi miliyan 1 na ciniki lokacin soke kuɗin. A lissafin kashi 8 ribarsa 80,000 ce, ba ta ma kai 250,000 da ake fara biyan haraji a kai ba a wancan lokacin. In jami'i ya ƙi bayaninsa, sai a nemi 772,500, ban da tara da kuɗin jinkiri. Yana da damar ɗaukaka ƙara. Amma bisa umarnin da hukumar ta fitar a Yulin 2017, kafin a dakatar da karɓar kuɗin, a lokacin ana so ya fara ajiye kashi 20, wato 154,500, kusan ninki biyu na ribar da ya ci, sannan ya nemi kuɗin lauya.