Yadda Ake Gane Jaririn Da Nonon Saniya Bai Karɓe Shi Ba

Nonon saniya abinci ne mai gina jiki. A ƙasar Kano da wuya a sami gidan da ba a shan fura da nono ko kindirmo. Amma akwai jarirai ƙalilan waɗanda jikinsu ba ya jituwa da shi. Da zarar ya shiga cikinsu, sai jiki ya ɗauke shi tamkar maƙiyi, ya shiga faɗa da shi. Wannan shi likitoci ke kira alaji. Madarar gwangwani ta jarirai ma tana kawo shi, domin yawancinta daga nonon saniya ake yin ta.

Ciwon yana da wuyar ganewa, saboda alamunsa sun yi kama da na wasu cututtuka. Sau da yawa akan ce haƙori ne, a yi ta jiƙe-jiƙe, yaro kuwa yana ta ramewa.

Alamu biyar da ake dubawa

A shekarar 2015 wasu likitocin yara, ƙarƙashin Farfesa Yvan Vandenplas na ƙasar Beljiyam, suka fito da wani ma'auni mai suna CoMiSS. Abubuwa biyar yake dubawa:

1. Kuka: yaro ya yi mako guda ko fiye yana yawan kuka ba tare da wani dalili ba.
2. Tumbuɗi: sau nawa yake yi a rana, kuma yaya yawansa.
3. Kashi: mai tauri ne ƙwarai, ko kuwa ruwa-ruwa.
4. Fata: ƙuraje masu ƙaiƙayi a fuska da jiki, ko borin jini.
5. Numfashi: yawan tari ko ƙarar ƙirji.

Ma'aikacin lafiya yakan ba kowace alama maki, sannan ya tara. Iyakar makin 33 ne. Da farko an ce daga 12 zuwa sama ake zargin nonon saniya, amma a 2022 aka sauko da shi zuwa 10.

Maki ba hukunci ba ne

Wannan ma'auni hannunka mai sanda ne kawai. Yaro mai ƙoshin lafiya ma yana kuka, yana tumbuɗi. Haka kuma gudawa ta fi samuwa daga ruwa marar tsabta ko bulumbotin da ba a dafa ba. Saboda haka sai likita ya duba waɗannan tukuna.

Idan zargi ya yi ƙarfi, akan janye wa yaro duk abin da ke da nonon saniya na mako 2 zuwa 4. In ya sami sauƙi, sai a sake ba shi a ƙarƙashin kulawar likita. Idan alamun suka dawo, to an gano bakin zaren.

Abin da ya kamata uwa ta yi

Kada ta yaye yaro. Nonon uwa zalla har wata 6 shi ne shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya. Wani lokaci likita kan ce uwar ce za ta dakata da shan nono, kindirmo da man shanu na ɗan lokaci, domin kaɗan daga cikinsu yana bi ta nononta.

Kada a koma ga nonon akuya ko na tunkiya. Sun yi kama da na saniya ƙwarai, kuma yawancin irin waɗannan yara su ma ba sa karɓar su.

Uwar da ta koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci sai ta riƙa rubuta abin da yaro ya ci da abin da ta gani kullum. Ta tafi da takardar ɗakin shan magani mafi kusa. Daga nan ana iya tura ta babban asibiti, kamar Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke Nassarawa GRA, wanda aka fi sani da Asibitin Nassarawa, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Amma idan leɓe ko fuskar yaro ta kumbura bayan ya sha madara, ko numfashi ya gagare shi, ko ya yi laushi, a garzaya asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Jini a cikin kashi ma ba abin jinkiri ba ne.

Abin farin ciki shi ne, yawancin yara sukan rabu da wannan larura kafin su kai shekara 5. Magidanta su taimaka da kuɗin mota da ba da izini a kan lokaci. Allah ya raya mana zuriya, amin.